Ciwon da Haruna Ya Taho da Shi Daga Filin Ƙwallo

Da sunan Allah mai ba da lafiya, mai karɓar ta idan ya so. Abokan zamana a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad sun daɗe suna cewa in rubuta jinyar ɗan yayana, ko don iyayen da 'ya'yansu ke wasannin da ake gwara kai. Na yi ta ja da baya, domin ni direba ne, ba marubuci ba, kuma duk sanda na tuna watannin nan sai kewar yaron ta taso mini sabuwa. Amma shiru bai rage mini komai ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Sunana Sule, mutumin Malumfashi. Yayana Lawal ya samu tafiya Ostareliya karatun likitan dabbobi, ya tafi da matarsa Hajiya Rabi da ɗansu Haruna, yana da shekara shida. Aka ce shekara huɗu za su yi. Karatu ya ƙare aiki ya biyo baya, aiki bai ƙare ba ajali ya riski Yaya a can, aka binne shi a birnin Adelaide. Har yau ban ga kabarinsa ba. Ni kuma na zo Riyad na kama tuƙi a wani kamfani da ke unguwar Ulaya.

A makaranta Haruna ya fi kowa tsawo, sai wani malami ya ja shi cikin ƙwallon ƙasar. Ba irin tamu ba ce. Ƙwallon kamar ƙwai take, filin ma haka, ana kama ta da hannu ana bugawa da ƙafa, mutum kan yi tsalle ya taka kafaɗar ɗan'uwansa ya cafke ta a sama, kuma ba wanda ke sa hular kariya. Yana shekara sha takwas wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ƙwallo ta zama sana'arsa. Aikinsa shi ne tsalle a tsakiyar fili idan an jefa ƙwallo sama, shi da wani ƙato kamarsa. Hajiya Rabi kan turo mini wasanninsa a waya, mu kalla ni da abokin ɗakina Malam Isufu, mutumin Maradi da ke aikin guga a kasuwar Batha. Isufu yakan ce wannan ai dambe ne aka jefa wa ƙwallo a tsakiya. Muna dariya, ina ta alfahari. Akwai ranar da muka ga an fitar da shi fili yana tangaɗi, bayan ɗan lokaci ya dawo, jama'a suna tafi. Mu ma mun tafa.

Shekara takwas ya yi yana bugawa. An yi masa aiki a gwiwa sau biyu, a kafaɗa sau ɗaya. Daga nan ƙungiyar ta sallame shi, muka yi kusan shekara ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ko na tambayi mahaifiyarsa sai ta ce a dai taya shi da addu'a. Kwatsam sai ga kiransa, wai ya samu aiki a wani gidan motsa jiki a Ulaya, zai riƙa horar da mutane, kuma ya zaɓi Riyad ne don ya kasance kusa da ni da Ɗakin Allah.

Na je tarbarsa filin jirgi. Tun daga nesa na gane shi, domin Yaya Lawal na gani yana tahowa, sai dai an ƙara masa tsawo da faɗin ƙirji. Ya sunkuyo ya rungume ni ya ce, "Baffa, ni ce Haruna." Hausarsa ta tsaya a inda ya bar ta yana ɗan shekara shida. Ban gyara masa ba.

Wata uku na farko sun yi mini daɗi ƙwarai. Kamfaninsu ya ba shi ɗaki a Ulaya, amma duk Juma'a yana Suwaidi, Isufu ya tuƙa tuwo ya kaɗa miyar kuka, Haruna ya ci har ya yi gumi yana tambayar sunan kowane abu. Mun hau bas daga Batha mun yi Umra tare. A lokacin na lura da wasu abubuwa, amma na ba kowanne uzuri. Yakan sa baƙin tabarau har cikin ɗaki, na ce ɗabi'ar Turawa ce. Yakan tambaye ni abu, in amsa, bayan ɗan lokaci ya sake tambaya, na ce Hausa ce ke ba shi wahala. Idan muna sallah yakan rikice a yawan raka'o'i. Sau biyu ya sa na tsayar da mota ya yi amai, a shekarun nan da aka haƙe titunan Riyad saboda jirgin ƙasa, ko'ina kwana da cunkoso. Na ce zafin gari ne bai saba ba.

A wata na huɗu, wata Talata da hantsi, wani ɗan Filifin abokin aikinsa ya kira ni ya ce Haruna ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar nuna wa wani yadda ake ɗaga ƙarfe. Na roƙi mudir ɗinmu, wato manaja, izini na garzaya. Na same shi zaune a ƙasa ya rufe ido da hannu biyu, yana cewa a kashe fitila.

Satin farko a asibitin kuɗi na unguwar ya ƙare. Aka karɓi igamarsa, takardar izinin zama, da katin ta'amin, wato inshorar lafiya, aka ce mu jira kamfanin ya amince kafin a ɗauki hoton kai. Muka jira daga azahar har bayan magariba, sannan aka ce mu dawo gobe. Kwana uku muna zarya. Da aka ɗauki hoton, likitan ya duba ya ce kai lafiya lau, babu jini babu ƙari, ya sha ruwa da yawa ya guji rana. Na yi hamdala da ƙarfi. A mota Haruna ya ce mini ya san abin da hoton zai nuna, domin an sha ɗaukarsa a can, kullum haka ake cewa.

A sati na biyu na kwaso shi zuwa ɗakinmu, don ba zan iya barinsa shi kaɗai ba. Isufu ya bar masa gadonsa da ke daidai saitin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ya koma tabarma, kuma ƙafafun Haruna sun fi gadon tsawo sai da muka ƙara kujera. Kansa yana sarawa tun asuba, ƙarar cokali a kwano ma tana sa shi matse fuska. Labari ya kai gida, shawarwari suka fara sauka. Gwaggonmu Hajiya Laraba, wadda ita ce babbar da ta rage mana, ta ce iskokin ƙasar Turawa ne suka biyo shi. Wani ƙanenmu ya ce sammu ne na masu baƙin cikin ɗaukakarsa. Masu sayar da kaya a Batha kuwa kowa da nasa maganin: habbatus sauda da zuma, man zaitun a tsakar ka, zamzam da dabinon ajwa bakwai. Wani dattijo ya ce a yi masa aure kawai. Ban raina ko ɗaya ba, kuma na san ƙauna ce ta sa aka faɗa. Mun yi ruƙiya, an yi masa ƙaho a ƙeya. Karatun yakan sa masa natsuwa ya yi barci, wannan na gani da idona. Amma da ya farka ciwon na nan inda yake.

A sati na uku na je ɗakinsa na Ulaya in kwaso masa sauran tufafi, sai na tarar da robobin magani a cikin takalman wasansa, wasu babu komai, biyu da saura. Na kai ɗaya saidaliyya, wato kantin magani, na nuna wa mai sayar da magani, wani Bamisire da muke mutunci. Ya duba ya maida mini da sauri, ya rage murya ya ce wannan maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi, kuma wanda aka kama da shi a ƙasar nan ba takardar likita zai yi bayani a inda ba ya so. Hankalina ya tashi. Da na dawo na ajiye robar a gaban Haruna na tambaye shi mene ne wannan. Ya miƙe tsaye, ya yi mini tsawa da Turanci, ya naushi ƙofar banɗaki har ta fashe. Ban taɓa jin tsoron ɗan'uwana ba sai ranar. Isufu ya riƙe hannuna ya ce in zauna kawai.

Bayan la'asar Haruna ya zo ya durƙusa a gabana, hannunsa a kumbure, yana ba ni haƙuri. Ranar ya ba ni labarin da mahaifiyarsa ta ɓoye mini. Tun aikin gwiwa na biyu ya fara shan ƙwayoyin, ciwon gwiwa ya tafi ciwon kai ya karɓe. Ranar da ƙungiya ta sallame shi, zaman bai kai minti goma ba, aka yi masa godiya aka ba shi jakar kayansa. Ya ce tun yana yaro abin da ya sani shi ne ranar wasa da ranar horo, sai ya wayi gari babu wanda ke jiransa a ko'ina. Abokai suka ja shi ga giya, yarinyar da zai aura ta gaji da fushinsa ta tafi. Ya ce ya zo Riyad ne don ya gudu daga duk wannan, ya bar giyar kuwa tun kafin ya taso, amma ƙwayoyin sun biyo shi a cikin takalmi.

Ganin likitan ƙwaƙwalwa sai da ya kai mu sati na biyar. Kamfanin ta'amin ya ce tsohon rauni ne, ba ya cikin yarjejeniya. Na je ofishinsu sau huɗu, kowane tebur ya tura ni na gaba, daga ƙarshe aka ce in rubuta koke in jira. Har yau raina na sosuwa idan na tuna yadda wani matashi yake amsa mini yana danna waya bai ko ɗago kai ba. Muka haƙura muka biya da kanmu, 'yan'uwa direbobi da mutanen Isufu na Maradi da Damagaram suka taimaka ba tare da na roƙa ba. Allah ya saka musu. A babban asibitin muka karɓi lamba tun bakwai na safe, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Haruna ya kifa kai a cinyata, na rufa masa rawanina saboda hasken fitilu, mutane suna kallon wannan ƙaton da aka lulluɓe kamar jariri.

Likitan Basudane ne, dattijo mai furfura. Shi ne na farko da bai fara da hoto ba. Ya tambayi Haruna sana'arsa, ya sa ya nuna masa wasan a waya, ya kalla shiru. Sai ya tambaye shi sau nawa aka buge shi a kai har ya ga duhu ko ya rasa inda yake. Haruna ya ce waɗanda aka rubuta guda huɗu ne. Likitan ya ce ba waɗanda aka rubuta yake tambaya ba. Haruna ya fara lissafi da yatsu, ya gama hannu biyu, ya tsaya ya ce sauran ba ya tunawa. Ya ba da labarin wani wasa da ya buga rabinsa na biyu gaba ɗaya, aka ce ma ya yi ƙoƙari, amma shi sai a talabijin ya gani. Likitan ya tambaye shi me ya sa bai faɗa wa likitocin ƙungiya ba.

"Akwai yaro a benci yana jiran wurina," in ji Haruna. "In na ce kaina na juyawa, sati mai zuwa shi ne a fili."

Likitan ya juyo gare ni ya yi mini bayani da Larabci a hankali. Ya kira abin irtijaj, wato girgizar ƙwaƙwalwa, ya ce idan ta maimaitu kafin ta farko ta warke, rauni kan taru a kan rauni, kuma hoto ba lallai ya nuna ba. Ya ce ƙwayoyin ma yanzu suna ƙara ciwon kan ne, dole a janye su a hankali a ƙarƙashin kulawarsa. Na tambaye shi ko zai warke. Ya ce, "Ya Hajji, ƙwaƙwalwa ba gwiwa ba ce da zan buɗe in ɗinke. Za mu rage masa wahala. Sauran yana hannun Allah da lokaci." Wannan magana ta zauna mini.

Daga sati na shida zuwa na tara ban san yadda zan ba da labarinsu a jere ba, domin kwanakin sun cakuɗe. Janye maganin ya fi ciwon wahala. Ga rawar jiki, ga gumi, ga amai, ga kuka ba dalili. Muka toshe taga da bargo. Na koyi dama kunu mara ƙarfi, na koyi tafiya a ɗaki ba takalmi, na koyi yin shiru idan ya zage ni, don na san bayan awa ɗaya zai zo yana neman gafara. Mudir ɗinmu ya ba ni hutun sati biyu, da na nemi ƙari ya ce kamfani ba asibiti ba ne. Sai muka raba, ni da safe ina aiki Isufu na gida, in na dawo shi ya tafi shago. Isufu ba danginmu ba ne, ba garinmu ɗaya ba, amma ya wanke aman Haruna fiye da yadda na wanke. Bayan magariba mukan fita da shi mu zaga unguwa, daga ƙofar gida zuwa wurin mai gasa burodin tamis mu dawo. Mutumin da ke gudun fili guda ba gajiya, ga shi yana dafa kafaɗata.

A ƙarshen Satumba, wata Asabar da safe, ya ce mini yau ne wasan ƙarshe na shekara a can, duk ƙasar tana tsayawa saboda shi. Likita ya hana shi kallon waya. Ya roƙe ni in kunna in riƙe, shi zai rufe ido ya saurara. Na zauna a bakin gadon na rage sauti. Ba na jin Turancin mai sharhin, amma shi yana fassara mini: wane ya kama, wane ya zubar, wannan da aka ambata tare aka ɗauke su, ɗaki ɗaya suke kwana idan an yi tafiya. Ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin mayafi duk sanda jama'a suka yi ihu. Da aka tafi hutun rabin lokaci na tambaye shi ko yana jin haushin wasan da ya yi masa haka.

"Baffa, in ka yi tsalle ka hau sama, akwai ɗan lokaci da ba ka jin kowa. Kai da ƙwallo kawai. Sannan ka sauko, ciyawa da sanyi, tana ƙamshin ruwa." Ya goge ido. "Da za su kira ni gobe, zan tafi. Shi ne abin da ke ba ni kunya."

Na riƙe wayar har aka tashi.

A sati na sha biyu ciwon kan ya ragu, yana barci, yana cin abinci, har yana tsokanar Isufu. Mantuwar ce ba ta tafi ba. Gidan motsa jikin suka ce ba za su iya ci gaba da jira ba, kafili, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya buga masa takardar fita ta dindindin. Ban zarge su ba, amma da sun kira shi sun gaya masa da baki maimakon saƙon waya, da ya fi.

Nan aka zo maganar inda zai tafi. Gwaggo Laraba ta ce a kawo shi Malumfashi, ga dangi ga addu'a, ƙasar da ta cinye uba ba za a mayar mata da ɗa ba. Shi ma Haruna can yake so. Ya ce yana tuna wata bishiyar mangwaro a tsakar gida da wata tsohuwa mai ba shi ƙuli-ƙuli, yana so ya je inda ba wanda ya san shi ɗan ƙwallo ne. Likitan kuwa ya ce ya koma inda takardun jinyarsa suke, inda aka san irin wannan rauni, inda mahaifiyarsa take. Hajiya Rabi ta ce ni ne ubansa yanzu, abin da na yanke shi ke nan. Na yi istihara kwana uku. Mangwaron an sare shi tuntuni, tsohuwar ita ce mahaifiyarmu, ta rasu yana can. Ni kuma ba zan iya barin aiki in bi shi ba, ina da iyali a gida da suke jirana. Na ce masa Ostareliya zai koma.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya ce, "Baffa, kai ma ka sallame ni." Na ce masa ba haka ba ne, na yi ta bayani, amma na san abin da ya ji. Gwaggo ma ta yi fushi da ni, sai da aka yi wata shida tana amsa gaisuwata a taƙaice. A filin jirgi ya rungumi Isufu ya daɗe, ni kuma ya ba ni hannu, sai da ya kai bakin ƙofar shiga ya juyo ya dawo ya rungume ni.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka kaɗan ne. Idan ɗanka ya bugu a kai, a ƙwallo ne, a dambe ne, ko faɗuwa daga babur, kada ka yarda da "na warke" ɗinsa, domin matashi zai ɓoye ciwo don kada a cire shi. Idan ka ga yana gudun haske, yana maimaita tambaya, yana fushin da ba halinsa ba, kada ka yi ta ba shi uzuri kamar yadda na yi wata uku. A yi addu'a, a je asibiti, kuma a gaya wa likita duk tarihin, ko bai tambaya ba. A kuma duba abin da mara lafiya ke sha a ɓoye.

Yanzu Haruna yana gidan mahaifiyarsa. Yana ganin likitocinsa, bai koma ga ƙwayoyin ba, alhamdu lillahi. Yana aiki kwana uku a sati a wani wurin renon itatuwa, yana ban ruwa. Hajiya Rabi ta ce akwai ranaku masu kyau, akwai waɗanda ba ya fita ɗaki. Ranar Juma'a yakan je kabarin Yaya ya share, sannan ya kira ni daga can, lokacin nan Riyad gari bai daɗe da wayewa ba. Yakan ce ga shi kusa da Baba, in yi addu'a ya ce amin. Sau biyu na nemi bizar zuwa, sau biyu aka hana ni, wai ba a gamsu zan dawo ba. Ban gaya masa ba. Duk kiran da ya yi sai ya tambaye ni yaushe zan zo, ni kuma in ce masa in sha Allahu bayan sallah. Bana na sake cike takardun. Babbar sallah biyar ke nan ina ba shi wannan amsar.